Yadda Na Bi Turmi Daga Manchester Har Birmingham

Duk faɗin ƙasar nan babu itacen da zai ruɗe ni. A ɗaure mini ido a miƙo mini guntun reshe, ina sansanawa zan faɗi sunansa, da dajin da ya tsiro, da launin akuyar da ta taɓa cin ganyensa. Ba banza abokai suke kirana Sarkin Dawa ba. A aikin gandun daji na yi gemu, a cikinsa gemun ya soma furfura.

Na fara da wannan ne don ku riƙe shi da kyau, saboda nan gaba kaɗan zai yi mini wuyar maimaitawa.

Tun da na dawo daga Ingila ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce yaya sanyi, wancan ya ce da gaske ne ba sa gaisawa. Masu neman tsokana kuma tambayarsu ɗaya ce: “Malam Bala, ina labarin turmi?” Da na ji haka na san Nura, ƙanin matata da ke karatun digiri na uku a Manchester, ya riga ya bugo waya ya ba da labarin a karkace. To ga shi daga bakin mai shi.

Ofis ne ya tura ni Manchester wani gajeren kwas a kan ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. Da uwargida Binta ta ji garin da za ni, ba ta ce a sauka lafiya ba, sai ta ce, “Alhamdulillahi, Hajiya Mariya ta samu turmi.” Ita wannan Hajiya Mariya mutuniyar Gana ce, Bahaushiyar zangon Kumasi, tana zaune a Birmingham da mijinta Alhaji Isaka mai shagon nama. A gidansu Nura ya fara sauka lokacin da ya je ƙasar bai san kowa ba, ta ciyar da shi kamar ɗan cikinta. Kukanta ɗaya a duniya: Ingila babu turmi. Fufu, wato sakwararsu, da garin leda suke tuƙa shi, ita kuwa ta ce wannan ba abinci ba ne, haƙuri ne.

Muka tafi kasuwa wajen masassaƙa. Binta ta ɗora hannu a kan wani turmin ƙirya, na gwada ɗagawa na ji kamar an dasa shi a ƙasa. Na ce, “Hajiya, jirgi zan hau, ba tirela ba. Awo ake yi.” Ta ce ai turmi nauyinsa ne mutuncinsa. Na ce, “Ke da ni wa ya san itace?” Ta ɗauke hannunta ta ba ni hanya. Na bi layin turame ina ɗagawa ina direwa, har na samu wani kyakkyawa, mai sheƙi, wanda na ɗaga da hannu ɗaya. Mai sassaƙar ya ce, “Alhaji ka iya zaɓe,” yana kallon gefe. Taɓarya dai ta gagari kowace jaka, muka bar ta.

Aka cusa wa cikin turmin kuka da daddawa da safuna, aka naɗe shi da tsohon zane, aka sa a babbar jaka.

Jirgi ba ni da abin cewa a kansa, sai dai an zaunar da ni tsakanin wani ƙato mai minshari da wata baiwar Allah mai addu’a da ƙarfi, ban san wanda ya fi tsorata ni ba. Muka ya da zango a wata ƙasa inda na yi tafiyar ƙasa a cikin filin jirgi wadda ta fi daga gidana zuwa ofis. Daga nan sai Manchester.

A wajen binciken kaya wani jami’i mai jan gashi ya tambaye ni ko ina ɗauke da nama. Na ce a’a, sai dai kilishi. Ya ce mene ne kilishi. Na ɓallo masa ya gani. Ya duba gaba, ya duba baya, ya sa shi a kwandon shara cikin ladabi, har da ce mini ya yi baƙin ciki. Ban taɓa ganin wanda ya ƙwace maka abu yana ba ka haƙuri kamar Bature ba. Ya zo kan turmi ya tsaya. Na dunƙule hannu na kwatanta masa daka, har da nishin da ake yi. Ya yi dariya ya ce in wuce. Na fito ina taƙama, ina cewa a raina sun ci kilishi amma ni na ci turmi.

Nura ya tare ni da wata ƙatuwar riga. Ya ce, “Yaya, sa wannan. Kuma ka gode wa Allah, summer ce.” In wannan ce bazararsu, to Allah ya raba mu da ganin hunturunsu. Ɗakin da yake haya, wanda yake kira flat, in ka yi miƙa da ƙarfi sai ka gaisa da bango biyu a lokaci guda. Ya ba ni gado, shi ya kwanta a kujera. Abincin dare ya ɗora mini wake na gwangwani a kan burodi, wake mai zaƙi kamar an jiƙa shi a alewa. Na ce, “Nura, yayarka ta san haka kake rayuwa?” Ya ce, “Shi ya sa muke girmama Hajiya Mariya.”

Washegari da sassafe wani direba ɗan Gana, mai kai kaya tsakanin garuruwan biyu, ya zo ya karɓi turmin. Na zare shi daga jaka na miƙa, na tura jakar ƙarƙashin gado, na manta da ita.

A hanyarmu ta zuwa makaranta muka ratsa ta wani filin shaƙatawa, na hango wata doguwar bishiya mai ganye jere-jere a kan sili. Raina ya yi fari. Na ce, “Nura, ka ga ’yar gida. Darbejiya har Ingila.” Ya ce anya. Na ce, “Yaro, kai da ni wa ya san itace?” Na tsinki ganye na tauna ina jiran ɗaci. Babu ɗaci. Wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya tana kallon baƙin mutum da babbar riga yana kiwo. Nura ya ce, “Yaya, tofar. Ash sunanta. Kuma ina jin a kanta za a yi muku rabin karatun.”

Haka kuwa aka yi. Malamarmu Dakta Helen, wata ’yar siririya mai takalmin shiga laka, ta kashe fitila ta haska mana hoton wani ƙwaro. Wallahi ban taɓa ganin ƙwaro mai kyau irinsa ba. Kore shar, yana walƙiya kamar an yi masa aiki da zaren kwalliya, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ta ce asalinsa daga gabashin Asiya yake, kuma a can ba wanda ya damu da shi, don bishiyoyin can sun saba da shi. Ana zaton a cikin katakon da ake ɗaure kayan jirgin ruwa ya ɓuya ya shiga Amurka. Can ya tarar da bishiyar ash wadda ba ta san shi ba, ya shiga yi mata kisan mummuƙe. Ba uban ne mai ɓarnar ba, tsutsar ce. Tana shiga ƙarƙashin ɓawo ta yi ta cin hanya a karkace kamar tafiyar maciji, har ta yanke jijiyar da ruwa ke bi. Bishiya tana tsaye, ana ganinta lafiya, alhali an gama da ita.

Ta ce bai iso Ingila ba tukuna. Na ce a raina, to mene ne na tara mu? Sai na tuna in gemun ɗan’uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

Suka kwashe mu a mota zuwa gonar wani dattijo a bayan gari, don mu ga yadda mai ƙasa ke shiri. Mutumin ya san bishiyoyin ash ɗinsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa. Kowace bazara yana zagayawa yana ɗaga kai, don daga sama mutuwar ke farawa: ganyen ƙoli ya yi ƙaranci, rassa su bushe, gindi kuma ya fara fitar da toho barkatai kamar mai neman ceto. Yana duba ɓawo ko ya tsage, yana neman ’yar ƙofar da ƙwaron ke fita, wadda ba zagayayyiya ba ce, gefe ɗaya a miƙe yake kamar an raba kwabo biyu. In ya ga tsuntsun nan mai saran itace da baki ya matsa wa bishiya ɗaya, ya san akwai abin da yake ci a ciki. A gefen gonar ya dasa wasu irin itatuwa daban-daban, ya ce ko ash ta tafi kada jikokinsa su gaji fili tsirara. Wani ɗan ajinmu ya ce me zai hana ya sare su yanzu ya sayar tun suna da daraja. Dattijon ya dube shi kamar ya ce ya yanka uwarsa. Ya ce ba a binne mai rai don tsoron cuta. In ka ga alama, ka kira masana, kada ka kira mai zarto.

Abu na ƙarshe shi ne itacen wuta. Ya ce ko ɗansa ne ya kawo masa itace daga wani gari, ba zai shigo masa gona ba. A nan Dakta Helen ta ɗaga murya ta ce, “Ƙwaro ba ya tafiya mai nisa da fiffikensa. Mu ne muke ɗaukarsa. Ƙwaron da a garinku ba a kula shi, a garin wasu zai iya zama annoba. Duk itacen da bai sha zafi ko magani ba, ku ɗauka akwai fasinja a ciki.” Na gyaɗa kai fiye da kowa. Har na ɗaga hannu na ƙara bayani a kan sakacin mutane.

Ranar Juma’a da yamma na jawo jaka daga ƙarƙashin gado zan ɗauki hula. A ƙasan jakar, daidai inda turmin ya zauna, na ga gari. Fari-fari, laushi kamar garin alkama. Na shafa, na sansana. Ba kuka ba ce, ba daddawa ba. Na san shi sarai, shi ne garin da ke zubowa daga azarar tsohon ɗaki in ƙwaro ya ci cikinta. Nan take na gane dalilin da ya sa na ɗaga turmin da hannu ɗaya, na kuma gane abin da mai sassaƙa yake kallo a gefe.

Na san ba koren ƙwaron Dakta Helen ba ne, namu ne na gida, wanda ba ma ko yi masa kallo na biyu. Amma ai shi ma koren a gidansu ba a yi masa kallo na biyu. Wa ya san abin da namu zai yi in ya ɗanɗani ash? Na hango Ingila ta bushe ƙurmus daga teku zuwa teku, na hango hotona a littattafan makaranta, an rubuta a ƙasa: wannan ne ya zo koyon tsare bishiya ya zo mata da ajali.

Nura ya dawo ya same ni a tsaye da jaka a hannu. Na nuna masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, “Yaya, ka kira Hajiya kawai ka faɗa mata.” Na ce, “In ce mata me? Tsarabar da uwargida ta aiko ruɓaɓɓiya ce, kuma ni na zaɓa? Gobe za mu je da kanmu. In lallaɓa in ce zan shafa masa mai, in fito da shi, shi ke nan.” Ya ce yana da aiki a lab, ɗakin gwaje-gwajensu. Na ce lab ɗin ta jira.

Da safe muka hau doguwar bas. Motar tana da banɗaki a ciki, amma ba mai sayar da ko gyaɗa a hanya. Kowa ya yi shiru kamar ana kai gawa. Ni kuwa idona yana taga. Kafin ranar ban san yawan ash a ƙasar ba. A gefen titi, a bakin gonaki, a bayan gidaje, duk inda na duba ga ta tana kaɗa ganye, kamar kowace tana cewa ga shi nan, shi ne. Na tashi na zauna, na tashi na zauna, har direba ya yi magana ta lasifika ba tare da ya kama suna ba.

Small Heath, inda Hajiya take a Birmingham, unguwa ce ta gidaje manne da juna, duk iri ɗaya, in ka fita ba ka riƙe lamba ba sai ka kwana a gidan wani. Ga masallatai, ga shagunan nama, ga ƙamshin soye-soye. Hajiya Mariya ta buɗe ƙofa, mace mai jiki da murya, ta rungume Nura tana cewa, “Ɗana, ka rame, jami’a ta cinye ka.” Ta juyo gare ni. “Wannan ne mijin Binta? Sarkin Dawa da kansa? Malam Bala, Allah ya yi maka albarka. Ka share mini hawayen shekara da shekaru.”

Aka kawo koko da ƙosai. Na sha, ina leƙen kicin. Aka kawo shinkafa da wake irin nasu mai ja, da baƙin yaji. Na ci, ina leƙen bayan ƙofa. Da na ga ba alamarsa na ce, “Hajiya, ina turmin yake, in ɗan duba ko ya sha wahalar hanya?”

Ta ce, “Ai ba ya nan. Ranar da ya iso labari ya zaga. Ƙawata Mma Adiza ta aiko daga unguwar Sparkbrook, suna da baƙi. Ka san turmi ba na mutum ɗaya ba ne.”

Na san haka. A gida ma turmi da tsani da babbar tukunya ba su da gida ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne, wannan ne kaɗai turmi a birnin gaba ɗaya, kuma kowace mace mai jin Hausa tana da tsohon bashin daka a zuciyarta. Hajiya ta ƙara da cewa yau da la’asar dai dole ya dawo, don gobe sunan jikarta, yau za a gwada hannu.

Na ce wa Nura ba zan iya jiran la’asar ba. Muka kama bas zuwa Sparkbrook. A kan Stratford Road na ga shagunan zannuwa da na gwal da na kayan miya a jere, har na ga kuɓewa, na tsaya na yi mata sallama. Mma Adiza tsohuwa ce mai carbi a wuya. Da Nura ya ce ni ne na kawo turmin, ta kama hannuna biyu ta yi mini addu’ar da ban samu irinta ba ko ranar aurena. Sannan ta ce ba mai fita gidanta da yunwa. Na ce mun ci. Ta ce wancan na Mariya ne. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo. Sai da na kai rabin kwano ta ce ai turmin tun jiya matar wani ɗalibi ɗan Zariya ta ɗauka, suna Aston, tana da ciki, kuma ba abin da ranta ke so sai dakakken yaji.

Na tambaye ta a ina ta ajiye shi da yana nan. Ta ce a bayan gida. Na ce akwai bishiya a bayan gidan? Ta dubi Nura ta ce, “Surukin naka lafiya?”

Aston sai an shiga tsakiyar gari an sake mota. Na shiga bas ta ƙofar da ba ita ba, na zauna a kujerar tsofaffi, na danna ƙararrawa tun ba a kai ba. Ɗalibin ɗan Zariya yana hawa na can sama a wani dogon bene, lif ɗin kuma ta lalace. Na hau da abincin gida biyu a ciki ina ambaton Allah a kowane kwana. Ya karɓe mu da murna, ya ce, “Yallabai, ai ka taimaki al’umma. Sai dai maƙwabcin ƙasa ya ce zai kai mu ƙara council, wajen hukuma, wai muna rushe gini. Shi ya sa Madam ta mayar da shi da safe a taxi.” Na ce mayar da shi ina? Ya ce gidan Hajiya Mariya mana. Ashe muna fita ta wannan titi, turmi yana shiga ta wancan. Matar ta fito da ɗanwake, da yajin da aka daka a turmina. Na dubi yajin da kyau. Na ci, don ba yadda zan yi.

Kafin mu koma Small Heath la’asar ta yi. Tun daga bakin layi na ji sautin. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shi, amma jin sa tsakanin jajayen gidajen Turawa sai da ya sa na tsaya cak. Muka ratsa ta cikin gida zuwa ɗan filin baya. Mata sun cika shi, ’yan Gana da ’yan Najeriya, wasu da rigar sanyi a kan atamfa, ana tafi ana guɗa ƙasa-ƙasa don maƙwabta. Turmina yana tsakiya. A samansa kuwa, daga gidan da ke manne da su, wata ƙatuwar ash ta miƙo rassa ta yi masa rumfa. Duk faɗin Birmingham ba a samu inda za a ajiye shi ba sai nan.

A jikin shingen katako wani tsohon Bature ya jingina yana murmushi da kofin shayi. Alhaji Isaka ya gabatar da mu. Ya ce, “Wannan Mista Frank ne, maƙwabcinmu tun zuwanmu. Bishiyarsa ce, babansa ya dasa. Da turmi ya zo ba taɓarya, shi ya ba ni wani busasshen reshenta da ya ajiye, na sassaƙa. Ka ga aiki?” Na karɓi taɓaryar na jinjina. Nauyi, santsi, ƙarfi kamar ƙarfe. Da irin itacen suke yin ƙotar gatari da shebur. Mista Frank da ya ji aikina ya ce ya karanta labarin koren ƙwaro a jarida, tun ranar kullum sai ya fito ya duba ƙolin bishiyar kafin ya karya. Ya ce, “Kai masani ne, yaya ka gan ta?” Na ɗaga kai. Ganye cif, ɓawo lafiya, ba toho a gindi. Na ce lafiyarta ƙalau. A raina na ce, zuwa yanzu.

Na matsa kusa da Hajiya na rage murya. “Hajiya, a ɗan dakata da dakan nan. Ina so in fita da turmin in shafa masa mai.”

Ta ce, “Mai? Ana tsakiyar fufu?”

Na ce, “To gaskiya ba mai ba ne. Akwai ƙwaro a cikinsa. Dole a raba shi da bishiyar nan, wataƙila ma a ƙone shi.”

Hajiya ta ɗora hannu a ƙugu. “A ƙone? Malam Bala, na bar Kumasi da goyo, gobe jikata za a yi wa suna, duk tsawon nan ban ji ƙarar turmi a gidana ba sai makon nan. Wane turmi ne ba shi da ƙwaro? Na kakata ma yana da shi, ya kuma binne ta.” Ta karɓe taɓaryar daga hannuna. “Matsa, kada in daka da kai.”

Ta ɗaga ta sauke. Ta ɗaga ta sauke. A na gaba sai muka ji wani sauti kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Taɓaryar Ingila ta ratsa gindin turmin Najeriya ta daki siminti. Turmin ya buɗe gida biyu a hankali, kamar mai hamma, fufun ya zauna a ƙasa. Cikin itacen duk hanyoyi ne, gari yana zuba, ga wasu ’yan ƙwari jajaye-jajaye, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna tafiya a kasale, da alama su ma sanyin ya ishe su.

Ban tsaya kunya ba. Na cire babbar rigata na rufa a kai kamar mai kama ɓarawo. Na ce a kawo leda, a kawo tsintsiya, a kawo kwalba. Nura ya bar dariya ya kama aiki. Muka share garin tas, muka ɗaure ɓarayin turmin a leda kan leda, na kama ’yan ƙwari na sa a kwalbar jam. Mista Frank ya ajiye shayinsa ya zagayo da kansa, fuskarsa ta sauya. Na faɗa masa gaskiya duka. Bai yi faɗa ba, ya dai ɗaga kai ya daɗe yana kallon bishiyar, wannan kuwa ya fi mini faɗa ciwo. Da wayar gidansa na kira Dakta Helen. Ta ce kada a ƙone komai, kada a jefa a shara, a sa a firiza mai sanyi sosai a bar shi, kwalbar kuma in kawo mata. Haka turmin Binta ya ƙare a firizar shagon Alhaji Isaka, a can ƙasa, nesa da cinyoyin rago.

Sunan dai an yi shi da garin leda. Na zauna a lungu na ci nawa ban ɗaga kai ba. Matar ɗan Zariya ta zo ta tambaye ni a hankali ko yajin da ta ci zai taɓa jariri. Na ce ba zai taɓa ba, ni ma na ci.

Ranar Litinin Dakta Helen ta sa ƙwarona a ƙarƙashin madubi. Ta daɗe, ni kuwa ina zagaya ɗakin. Ta ɗago ta ce wannan busasshen itace yake ci, ba ruwansa da bishiya mai rai. Ash ɗin Mista Frank ta tsira, sai dai a gaya wa gidajen da turmin ya kwana su riƙa duba kujeru da katakon daɓe. Ta ce na yi daidai da na kira. Har na fara miƙe wuya. Sai ta nemi izini ta ajiye kwalbar a kan teburinta, kuma daga ranar har aka gama kwas, duk lokacin da za ta ce mu ne muke ɗaukar ƙwaro, sai ta ɗaga ta, ajin kuma ya juyo ya dube ni.

Kafin in taso na koma Birmingham sallama. Na kai wa Mista Frank labari, ya ba ni hannu, ya kai ni gindin bishiyar muka zagaya ta tare muna duba ɓawo, kamar masu duba mara lafiyar da ya farfaɗo. Taɓaryar tana jingine a kicin ɗin Hajiya, ba abokin aiki. Ta haɗa mini tsaraba ta Binta, ta rako ni har bakin ƙofa. Na ce, “Hajiya, ki yafe. In Allah ya yarda wani turmin yana tafe, na ƙirya, wanda ya sha magani. Ni da kaina zan tsaya a kai.”

Ta gyara mayafi ta ce, “Ba komai, Malam Bala, Allah ya kai ka lafiya. Ka gaida Binta, ka ce na gode. Amma in za ta sake aikowa, don Allah ta ba wanda bai san itace ba ya zaɓa.”